Kwana Tara a Ragar Gidan Tsofaffi

Guapi, 21 ga Fabrairu, 1997

Zuwa ga 'yar'uwata Benilda Sinisterra, a Cali.

Prima, 'yar'uwa, ina gaishe ki da sunan Ubangijin da ya raya mu har muka shiga wannan Azumi na gabanin Ista. Ina roƙonsa takardar nan ta same ki tsaye a kan ƙafafunki, domin a wasiƙarki ta Kirsimeti kin ambaci kumburinsu a layi ɗaya kika wuce, kuma na san halinki: abin da kika taƙaita shi ne abin da ya fi ciwo. Ni jikina lafiya lau. Ruwan sama bai ɗauke ba tun farkon wata, kogi ya hau har matakala ta uku ta gidan mahaifiyata, amma babu wanda ya yi asara. Kakanninmu da suka sha nono ɗaya sun kwanta dama, dangi sun watse, ke kaɗai kika rage mini wadda zan buɗe wa cikina. Saboda haka ki yi haƙuri da tsawon abin da zai biyo baya.

Doña Praxedes ta rasu ranar Lahadi da hantsi. Ita ce tsohuwar da nake ba ki labari, wadda aka sauko da ita daga saman kogi a kwalekwale, ba ɗa ba jika. Shekara shida ina yi mata wanka, ina ba ta abinci a baki. Ni na rufe mata ido. Mun raka ta da waƙoƙin makoki na alabao har muryoyinmu suka dushe, yanzu ana cikin kwana tara na addu'a.

Kin bar garin nan kafin matan ƙungiyarmu su kafa Gidan Tsofaffi, don haka ba ki san ƙa'idarsa ba. Mu goma sha biyu ne, masu sayar da kifi da ungozomomi da ni mai koyar da yara addini, muna kula da tsofaffi goma sha huɗu waɗanda ba su da kowa, ba don riba ba. Tun ranar farko aka kafa doka: duk wadda ta rufe wa mamaci ido, ba za ta taɓa aiki ba har tsawon kwana tara. Ana ɗaura mata ragar kwanciya a barandar da ke kallon kogi. Ba ta shara, ba ta wanki, ko cokali ba ta ɗaurayewa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, tsofaffin da kansu ne ke yi mata hidima gwargwadon ƙarfinsu: wannan ya yi mata fifita, waccan ta taje mata kai, wata ta ɓare mata lemo da hannu mai rawa.

Sau biyu dokar nan ta faɗo kaina a baya, sau biyu na zille mata da dabara. Wannan karon Hermelinda Cuero, shugabarmu, ta tare ni a ƙofar madafa, tsintsiya na hannuna.

Ta ce, "Kawo nan, Nemesia."

Na ce, "Comadre, aminiyata, Azumi ake yi. Ta yaya zan miƙe ƙafa kamar matar gwamna, tsohuwa mai shekara tamanin tana yi mini fifita?"

Ta ce, "Matar gwamna da wannan kaushin? Ai gwamnan ya shiga uku. Ba ni tsintsiyar nan kafin in kira Ña Tomasa ta ƙwace da sandarta."

Ña Tomasa makauniya ce, ta fi kowa a gidan tsufa, ta fi kowa baki. Daga ɗakinta ta ɗaga murya ta ce, "Ku riƙe mini ita, ina zuwa!" Kowa ya kwashe da dariya, ban da ni. Da Hermelinda ta ga haka sai ta sassauta murya ta ce, "Raga tana nan. Ko shekara za ki yi, za ta jira ki. Amma ba za ki sake taɓa tsoho ɗaya a gidan nan ba sai kin kwanta kwananki tara." Ta karɓi tsintsiyar, ta karɓi makullin ɗakin magani. Na ɗauki mayafina na dawo gidan mahaifiyata.

Ga abin da ban faɗa wa Hermelinda ba. Mahaifiyata ta shekara tara a kwance, na yi jinyarta da hannu mai tsabta da zuciya mai ƙunci. Ranar da za ta tafi ta ce in ɗan zauna kusa da ita, na ce wanki na jirana a bakin kogi. Na dawo da kwando a kai, na tarar rai ya yi halinsa. A gaban bagadi na yi wa Ubangiji alkawarin zan bauta wa tsofaffin da ba nawa ba har ƙarshen raina, ya zama kaffara.

To, prima, kaffarar ta juye mini. Ina jin daɗin gidan nan. Ina tashi da asuba cikin ɗokin zuwa. Ina dariya idan Don Aristarco, mai haƙori biyu, ya nemi aurena karo na ɗari. Ranar Asabar idan aka fito da ganguna da marimba, abin kiɗan nan na katako, sai in kama ƙafata tana buga ƙasa a ƙarƙashin siket. Wace irin kaffara ce wannan, wadda mai yin ta ke ƙiba? Na kai wa Fada Evaristo maganar a wurin furta zunubi, na ji shi a bayan labule yana kokawa da dariya, ya ce in karanta "A gaishe ki Maryamu" sau ɗaya saboda ɓata masa lokaci. Ban gamsu ba.

Idan na kwanta a ragar nan, na amsa ke nan cewa don kaina nake gidan. Idan ban kwanta ba, ba ni da sauran wuri a cikinsa. Ina tunanin ko Ubangiji ƙofa yake nuna mini, in fita in nemi hidimar da ba ta da zaƙi. Ki ba ni shawara, ke da kika girme ni da shekara bakwai.

Taki cikin addu'a,
Nemesia Ocoró


Cali, 9 ga Maris, 1997

Prima Nemesia, waliyyiyar bakin kogi,

Ina gaishe ki, ina gaida ruwan sama, ina gaida duk wanda ya tuna da ni. Takardarki ta iso da warin kifi, da alama a kwandon banda mai jirgin ruwan ya cusa ta, har karen gidan nan ya biyo ni ɗaki. Ƙafafuna suna nan ba su gudu ba. Da safe nawa ne, da yamma na giwa.

Na karanta sau biyu, raina ya ɓaci. Ke dai kin yi karatu amma ba ki san duniya ba. "Je ki huta." Ni za a gaya wa wannan hutun? Shekara ashirin da shida ina aiki a gidajen masu hali, ban taɓa ganin an karɓi tsintsiya a hannun baƙar mace don ana ƙaunarta ba. Ranar da aka ce miki zauna, an riga an samo wadda za ta tsaya a wurinki. Haka aka yi wa Casilda mai girki a gidan da ke kallonmu, haka aka yi wa Leonor mai guga. Da murmushi ake faɗa, har da rungumar mutum. Kuma an karɓi makulli! Wa ke karɓar makulli a hannun wadda yake so ta dawo? Hermelindar nan na san ta tun tana yawo ba takalmi tana satar kwakwar kakanmu. Shekara goma sha ɗaya kin ba su ƙarfinki, su sallame ki da raga da mafici.

Sauran zancen naki na kaffara da jin daɗi ban gane kansa ba. Na ɗauka kunya ce ta sa kike kewaye-kewaye don kada ki ce an kore ki. Ba komai, ni ce, ba sai kin yi mini ado ba.

Ga magana mai amfani. Akwai gurbi a gidan nan. Uwar Señora Clemencia, matar da nake yi wa aiki, ta kai tamanin da bakwai, sai an ɗaga sai an kwantar. Tana cizo, tana tofi, kowa a wurinta ɓarauniya ce. Señora ta ce ni ma lokaci ya yi da zan ɗan huta, tana neman mace mai ƙarfi mai tsoron Allah wadda ba ta da surutu. Na ce mata ina da ita a gida, ko dariya ba ta yi balle surutu. Ɗaki yana bayan kicin. Fita Lahadi ɗaya cikin biyu, daga bayan abincin rana zuwa ƙarfe shida. Tana son a fara ƙarshen Afrilu.

In za ki zo, ki taho mini da busasshen jatan lande da ganyen miya irin na gida. Na nan kamar takarda ake tauna.

Yayarki,
Benilda


Guapi, 2 ga Afrilu, 1997

Prima Benilda,

Barka da Ista, Ubangiji ya tashi. Ina fatan safiyarki ta fi yammacinki tsawo. Ni lafiya nake, sai dai zaman da ba aiki yana cin jiki fiye da zazzaɓi. Na goge katakon gidan nan har ya fara sirancewa. Wasiƙarki ta yi kusan sati uku a hanya, injin jirgin ne ya lalace a Buenaventura.

Kin yi wa Hermelinda mummunar fahimta, amma ba zan tsaya jayayya ba, domin a cikin kuskurenki na ji kamar an amsa addu'ata. Na roƙi hidimar da ba ta da zaƙi, sai ga tsohuwa mai cizo da tofi, a garin da ban san kowa ba, babu marimba, babu mai neman aurena. Na yi kwana uku ina auna zuciyata ko girman kai ne ke tura ni, ban iya rarrabewa ba. Duk da haka na amsa. Ki gaya wa Señora Clemencia ina zuwa. Na kuma yi murna da ta lura ƙafafunki na bukatar hutu. Ashe akwai masu hali masu tausayi. Ɗagawa da kwantarwa su zama nawa, ke ki zauna a kujera kina nuna mini. Tabarma ta ishe ni a gefen gadonki.

Shekaranjiya Litinin da rana, da ruwa ya cika, na ji ana buga tukunya a ƙarƙashin gida, tsakanin turakun da ke ɗauke da shi. Na leƙa, sai ga Hermelinda da mata biyu a kwalekwale, sun zaunar da Ña Tomasa a tsakiya da laima, ga tukunyar kifi da romon kwakwa, ga ragar a naɗe.

Ña Tomasa ta ce, "Ina mai gudun ragar? Ku juya ni wajen muryarta in zage ta daidai."

Na ce, "Ga ni, Ña Tomasa. Ina wuni?"

Ta ce, "Da ban wuni ba za ki gan ni? Wadda suka ba ni a madadinki wanke ni take kamar tana wanke kwalekwale. Fatata ta kusa ƙarewa."

Wadda ake nufi tana riƙe da laimar, ta ce, "To ki daina waƙa ina cuɗa ki mana, kaka, sai sabulu ya daina shiga bakinki."

Hermelinda ta ɗago ragar ta ce, "Dutse ya ƙi zuwa, mun kawo masa. A nan za mu ɗaura in kin fi so."

Na tsaya a saman matakala ban matsa ba. Na gaya musu zan tafi Cali. Hermelinda ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ña Tomasa, wadda ban taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta juya fuska wajen kogi ta ce wa mai tuƙi, "Mu tafi, rana na dukana." Suka bar tukunyar a matakala.

Na yi niyyar kai wa maƙwabta. Ban kai ba. Na cinye, har na suɗe gindin tukunyar da agade. Ki ga irin macen da za ki gabatar wa mutane a matsayin mai tsoron Allah.

Zan shiga jirgin ranar ashirin da shida ga wata. Ki rubuto ki gaya mini wanda zai tare ni a tashar mota.

Taki,
Nemesia


Guapi, 17 ga Afrilu, 1997

Prima,

Gaisuwa a taƙaice, domin mai ɗaukar saƙon yana tsaye. Jirgi biyu sun zo babu takardarki. Na haɗa kayana, na raba shukokin ganyen miyata ga maƙwabta, jatan landenki yana ƙulle a leda. Idan wata kalma tawa ce ta ɓata miki rai, ki yafe. Na san alƙalamina yana da sanyi ko da zuciyata ba haka take ba. Idan kuma ciwo ne, ki sa wani ya rubuta mini layi biyu. Shirunki ya fi zaginki nauyi.

Nemesia


Cali, unguwar Aguablanca, 20 ga Afrilu, 1997

Nemesia,

Ina gaishe ki. Ban mutu ba. Dubi saman takardar nan ki ga inda nake. Wasiƙunki biyu can gidan Señora suka je, jiya mai kula da lambunsu ya kawo mini su tare. Dario mai zuwa saro kifi zai ba ki wannan hannu da hannu.

Tabarma a gefen gadona, wai! Prima, gado ɗaya ne a ɗakin nan, kuma naki ne zai zama. Gurbin nawa ne. Na faɗa miki irin hutun da ake ba mu, na kuma faɗa miki an ce in huta, a takarda ɗaya, amma kika karanta kika ce masu tausayi. Ni ma da laifina, ban fito fili ba. Na ce in dai wata za a ba, gara jinina. Ranar biyar ga wata gwiwata ta ƙi ɗaukata a matakala, tsohuwar na hannuna. Ba ta ji ciwo ba, ni ce na zame mata katifa. Kashegari Señora ta rungume ni tana kuka. Yanzu ina ɗakin Casilda.

Casilda ta ga ina ta juya takardarki ta farko, ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ajiye wuƙar yankan albasa ta ce, "Benilda, ke jaka ce? Wannan ba korarriya ba ce. Wannan mace ce da aka yi wa gata ta firgita." Na sake karantawa a hankali, kamar ba ni na karanta da farko ba. Kunya ta kama ni. Daga baya haushi ya kori kunyar.

Ke! Ki ce kina tashi da ɗoki, ki ce ƙafarki na rawa da kanta, sannan ki tattara kaya ki zo neman cizo? Ni na sha cizon. Ba mala'ikan da ya sauko ya auna shi. Akwati ɗaya na fito da shi da hoton yaran da na raina, waɗanda ko tasha ba su raka ni ba. Señora tana jiranki har yanzu, 'yar ƙanwarta ce ke riƙe da tsohuwar kafin ki iso. In kin ce sai kin zo, ba zan hana ki ba, Casilda za ta tare ki. Tsakaninki da Ubangijinki ban san hanya ba.

Abu ɗaya zan gaya miki. Ranar farko a nan na farka ƙarfe huɗu da rabi, na tsaya a tsakar ɗaki ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na kwashe kwanukan Casilda wankakku na sake wanke su. Ba wanda ya koya mana zama, prima. Ko iyayenmu a tsaye suke cin abinci.

Da gaske ne tsofaffin ke yin fifitar? Da gaske har lemo ake ɓare wa mutum? Ki gaya mini yadda abin yake a jiki. Ba labarin wata nake so ba, daga bakin wadda ta ɗanɗana nake son ji.

Benilda


Guapi, 8 ga Mayu, 1997

Yayata Benilda,

Salama ta Ubangiji ta tabbata gare ki da Casilda, wadda ban sani ba amma na sa sunanta a addu'ata. Yaya gwiwar? Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi, kada ki ce kunya. Ki gafarta mini makantata: kin nuna mini rauninki a fili, ni kuwa ina can ina kallon nawa. Wanda ya cika bincikar zuciyarsa yakan manta akwai wasu zukatan.

Dario ya ba ni takardarki ranar ashirin da huɗu, saura kwana biyu jirgi ya tashi. Faɗanki bai karya ni ba, na saba da faɗa, har ina jin daɗinsa. Tambayarki ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Na ɗauki alƙalami in amsa, na ga ba ni da abin rubutawa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura wa wasu ragar nan, ban san yadda rufin baranda yake ba idan an kalle shi daga ƙasa.

Kashegari da hantsi na tafi Gidan Tsofaffi. Na ce wa Hermelinda sallama na zo yi, kuma zan kwanta awa ɗaya tak, don in sami abin da zan rubuta wa 'yar'uwata.

Ta ce, "Awa ɗaya. To. Aristarco, ango, ga amaryarka ta kawo kanta, nemo maficinka."

Ya taho yana jan ƙafa yana cewa, "Na gaya muku za ta dawo. Wa ya ga wannan kyan ya tafi Cali?"

Ga amsarki, gwargwadon iyawata. Da farko azaba ce. Bayana ya ƙi saki, idona yana ganin yanar gizo a kusurwa, kunnena yana jin ana yanka albasa ba yadda ya kamata ba. Fifitar Don Aristarco ba ta kawo iska, rabin lokaci kansa yake yi wa. Lemon da Doña Eulalia ta ɓare ya dagargaje a hannunta kafin ya iso bakina. Na kusa tashi sau uku.

Sai aka jawo Ña Tomasa aka zaunar da ita a kujera wajen kaina. Ba ta gaishe ni ba. Ta laluba ta kwance ɗankwalina, ta fara warware kitson da na yi wata biyu ban taɓa ba. Hannunta a hankali, kamar mai tsince shinkafa.

Ta ce, "Shekara takwas kina juya ni kamar jaririya. Kin san abin da ke kashe tsoho? Ba ciwo ba ne. Kullum a ba ka, kullum ka ce na gode, har kalmar ta yi tsami a bakinka. Sau uku na wanke matajin nan na ajiye miki. Na ce ashe yarinyar nan ƙyamar hannunmu take yi."

Na ce, "Ña Tomasa, Allah ya sani ba haka ba ne."

Ta ce, "Allah ya sani, ni ban sani ba. Daina motsi."

Na buɗe baki in kāre kaina, ban sami kalma ɗaya mai tsabta ba. Na yi kuka, ta ci gaba da tajewa kamar ba ta ji ba, tana mita cewa gashina kamar saƙar tsuntsu. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka rana ta karkata, an lulluɓe mini ƙafa, tsofaffi huɗu suna zaune kewaye da ni suna yi wa juna alamar a yi shiru. Fuskokinsu, prima. Na yi musu wanka sau dubu, ban taɓa ganin su haka ba.

Jirgin ya wuce ta gaban barandar kashegari da safe. Na gan shi ta tsakanin yatsun ƙafata. Na cika kwana tara. Na rubuta wa Señora Clemencia takardar ban haƙuri, tana cikin wannan ambulan, ki sa a miƙa mata.

Na yi wa Hermelinda maganarki. Ta ce, "Benildar da ta kai ƙarata saboda kwakwa biyu? Ta zo, mun sami mai gurza mana kwakwa a zaune, in ga yadda za ta ƙirga su. Amma da raga za ta fara. Wadda ta binne shekara ashirin da shida, kwana tara ma rowa aka yi mata." Gidan mahaifiyata yana da ɗaki biyu. Dario zai koma Cali ranar goma sha biyar, ya yarda ya riƙe miki akwati har cikin jirgi.

Saura gaskiya ɗaya, domin ba na so in fara sabon zama da ƙarya. Da sauƙi in ce saboda ke na fasa tafiya, ko saboda Ña Tomasa, in sake samun wani nauyi in ɓuya a bayansa. Na auna, ba haka ba ne. Ranar da Hermelinda ta mayar mini da makulli ta tambaye ni, "Me ya sa kika zauna?" Na ce, "Ina so ne." Ban taɓa ba da amsa mai gajarta haka ba, ban kuma taɓa jin tsoron wata amsa kamarta ba. Maganar kaffara ban warware ta ba. Na ajiye ta a gaban Wanda na yi wa alkawari, ya yi hukunci yadda ya ga dama. Ni dai gobe da asuba akwai wanka.

Ina da roƙo. Tun rasuwar mahaifiyata ban sa tufa mai launi ba. Kafin ki taso, ki sa Casilda ta raka ki kasuwa ki zaɓo mini yadi huɗu, ruwan ɗorawa mai haske, irin wanda ake hangowa daga ƙetaren kogi. Kada ki tambaye ni dalili. Na nema tsakanina da Allah, ban samu ko ɗaya ba.

Ƙanwarki,
Nemesia